Shekarar da Kuɗin Gidanmu Suka Je Amurka

Abin nan ya faru shekara biyu bayan an rushe unguwarmu don a faɗaɗa Masallacin Manzon Allah, shekara huɗu bayan rasuwar Malam, maigidana. A hajjin shekarar ne aka yi hargitsi a Makka har aka rasa rayuka, ana kuma tsakiyar yaƙin Iraƙi da Iran. Babban farin da ya koro mutanen Nijar zuwa aikin gonakin dabino bai daɗe da wucewa ba. Ni ban iya riƙe shekara da lamba ba, ban taɓa zama a aji ba, amma ku tambayi duk wanda ya san ni: abin da ya shiga kunnena ba ya fita, kuma ban taɓa sayar wa mutum awon da bai cika ba. Fiye da shekara talatin na yi a kan tabarma a bakin hanyar Harami ina sayar da dabino. Da wannan tabarmar na aurar da 'ya'ya mata uku.

Gidan da aka rushe na babban kakanku ne, mahaifin Malam, wanda ya tako da ƙafa daga ƙasar Kano, ya yi shekara bakwai a hanya. Gida ne ƙarami na dutse, amma daga soronsa kana jin kiran salla kamar a ɗakinka ake yi. Da ya rasu gidan ya zama na 'ya'yansa biyu, Malam da yayarsa Goggo Zulai. Ita Goggo Zulai mijinta ya rasu tun da daɗewa, ba ta haihu ba, tare muke zaune, ita ce babba a gidan kuma ba ta bari a manta. Da hukuma ta biya diyyar gidan, wadda a nan ake ce wa ta'awidi, kashi ɗaya cikin uku nata ne tsaf. Sauran na marayun Malam ne, da ɗan tumunin da ya faɗo mini. Duk muka je mahkama, wato kotu, muka dangwala yatsa, muka ba babban ɗana wakilci a kan kuɗin. Ku kun san sunansa. Ni ba na faɗa, ɗan fari ne, haka iyayenmu suka koya mana ko da a Madina aka haife mu. Muhandis nake ce masa, wato injiniya, kamar yadda mutanen unguwa suke ce masa, don gwamnati ta tura shi Amurka ya karanto aikin lantarki, ya dawo yana aiki a kamfanin wuta.

Muka kama haya a Uhudu, hawa na biyu, ɗaki uku, mu tara. Goggo Zulai ba ta iya hawa matakala sai an riƙe ta, saboda haka ta daina sauka. Kullum tana zaune a bakin taga tana kallon dutsen, tana cewa a kai ta inda za ta taka ƙasa kafin ta mutu. Burinmu ɗaya ne, mu sayi fili mu gina gida. Amma kowa da aka rushe wa gida yana neman fili a lokaci guda, masu filaye suka haukace da farashi. Sai Muhandis ya ce mu jira shekara guda zazzaɓin ya sauka. Ya ce ba zai bar kuɗin a banki suna haihuwar kuɗin ruwa ba, haramun ne. Akwai wata hanya: a Amurka akwai kasuwa da ake sayar da hannun jari na kamfanoni, abin da Larabawa ke ce wa ashum, kuma akwai wani ɓangare nata da kamfanonin kwamfuta suka yi yawa a ciki. Ya ce ya ga abin da idonsa yana ɗalibi, duk ofishin duniya sai ya sayi kwamfuta. Ya tambayi malami a Harami, malamin ya ce in dai kamfanin abu yake ƙerawa yana sayarwa, tarayya ce a kasuwanci.

Goggo Zulai ta saurara har ya gama, sannan ta ce:

"To Ilyasu, mu yanzu wane ɓangare na akwatin za mu mallaka? Ƙafarsa ko murfinsa?"

"Kamfanin ne gaba ɗaya, Goggo. Ke da wasu mutane da yawa."

"Mutanen nan sun san ni?"

"Ba su san ki ba."

"Kai ka ji. Ina tarayya da wanda bai san ni ba, a kan abin da ba a ci, a garin da ban taɓa zuwa ba. Uwarka ce 'yar kasuwa. In ta yarda na yarda."

Na yarda. Amma na kafa masa sharaɗi a gabanta, ba zai saya ba, ba zai sayar ba, sai da bakina. Ya ce ya ji. Ya je Jidda, inda wani banki yake da ofishin da ke yi wa mutane wannan ciniki ta waya, ya zuba kuɗin gidan kakanku.

Daga ranar barcina ya ragu. Dabino ina ganinsa, ina danna shi da yatsa, ina sansana shi. Wannan kuwa ba abin da zan taɓa. Da ya ga na rame, sai ya samo wata doguwar takarda mai gidaje-gidaje ya manna a bayan ƙofar falo. Ya ce kasuwar tana da ma'auni, lamba ɗaya da ke nuna lafiyar kamfanonin duka, kamar yadda nake cewa yau kasuwar dabino ta yi kyau ba sai na lissafa ajwa da safawi da barni ɗaya-ɗaya ba. Ya zana mini tarihin ma'aunin tun daga farkonsa, da jan biro. Ya ce an fara shi lokacin shi yana makarantar sakandare. Ya nuna mini wani rami mai zurfi, ya ce wannan shekarun da man fetur ya yi tsada ne, mu a nan muna murna, su can suna kuka. Daga ramin layin ya hau, ya yi ta hawa shekara da shekaru, ya sake zamewa kusan lokacin da Malam ya rasu, sannan ya kama hawa kuma. Na tsaya ina kallo, sai na ga abin ya yi kama da bayan dutsen Uhudu in ka hango shi daga hanyar Shuhada. A raina na ce ashe ba wani abu ba ne. Kaya ne mai lokaci. Yana da kakarsa, yana da lokacin tsadarsa. Wannan ai aikina ne.

Kowace Alhamis yana dawowa da jarida ya ƙara ɗan tsawon layin. Ni da ban san alif ba na zama mai karanta bayan ƙofa. Shekarar nan layin bai yi komai ba sai hawa, musamman daga sanyi zuwa azumi. Har takardar ta ƙare ta sama, ya liƙa wata. Matan da muke zama tare a bakin hanya suka ji labari, ban san wa ya faɗa musu ba, wataƙila ni ce. Suka sa mini suna Hajiyar Amurka. In na zo da safe sai wata ta ce a matsa wa mai kamfani. Ina cewa su bari, amma ina jin daɗi. Duk da haka in na kwanta sai in tashi in je in duba ƙofar kamar layin zai sauko da kansa.

Ana gama aikin hajji dillali ya zo da magana. Wani tsoho a unguwar Bani Harisa zai sayar da fili, mai faɗi, a bakin titi, da itacen dabino uku a ciki da tsohuwar rijiya. Za a iya gina ƙasa da sama, mu zauna a ƙasa, a ba alhazai hayar sama. Muka ɗauko Goggo Zulai a kan kujera muka kai ta. Ta cire takalmi ta taka ƙasar wurin, ta zaɓi inda ɗakinta zai kasance, kusa da itacen tsakiya. Tsohon ya ce ba ya sauri, ya ba mu har ƙarshen Rabi'ul Awwal mu kawo kuɗi. Muhandis ya yi lissafi a tsaye ya ce abin da ke Amurka ya isa filin har da ginin ƙasa. A gaban kowa ya ce wa Goggo Zulai a makon nan zai buga waya Jidda a sayar. Ta sa masa albarka har sau uku.

Kashegari Muhandis ya kai ni gonakin Awali a motarsa, don lokacin yankan dabino ne, ina da gonar da nake sayen kaya kowace shekara. Wani bawan Allah mutumin Damagaram, Isufu, shi ke hawa yana yanka, shi ke danna mini a gwangwani. Ranar dabino ya cika ko'ina, a kan tabarmi, a bayan motoci, ana neman mai saye ana roƙonsa. Na saya da arha kamar yadda na saba. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san ƙa'idar: a kaka saye ake yi, ba a sayarwa. Alhazai sun watse, gari ya yi fayau, kaya sun yi yawa. Sai ka danne a gwangwani ka rufe ka jira. In Rabi'ul Awwal ya kama masu ziyara suka fara shigowa, farashi ya motsa. Shekara talatin wannan bai taɓa ba ni kunya ba.

A hanyar dawowa, tsakanin katangun gonaki, mu biyu kaɗai a mota, na ce masa kada ya buga wayar nan.

Ya rage gudu ya dube ni. Na ce tsohon ya ba mu wata uku, don me za mu sayar a kaka? A bari zuwa Rabi'i, layin ya ƙara hawa, mu samu har kuɗin ginin sama.

"Inna, Amurka ba su da kaka. Ba su san Rabi'i ba."

"Ba kasuwar da ba ta da kaka. Kai ne ba ka zauna a kan tabarma ba."

"Abin ya hau da yawa, Inna. Ni kaina tsoro nake ji. Mun samu abin da muke nema, mu ɗauka mu fita."

"Da kana tsoro ka kai kuɗin marayu can? Yanzu da abin ya nuna kake so ka tsinke shi ɗanye?"

Ya ce ya riga ya yi wa Goggo alkawari. Na ce Goggo ba sai ta sani ba, tsohuwa ce, damuwa za ta hana ta barci. Ranar da za a biya tsohon Bani Harisa ta ga kuɗi, shi ke nan. Na tuna masa sharaɗina. Sai da muka fito babban titi ya ce to. Da muka isa gida Goggo Zulai ta tambaye shi ko ya buga, ya ce ana kan yi. Wannan ne karo na farko da na ji ɗana ya karkatar da magana, kuma ni na sa shi.

Muharram ya wuce layin yana tsaye, yana ɗan hawa yana ɗan sauka. Ya daina zanawa a bayan ƙofa don kada Goggo ta yi tambaya, sai ya riƙa nuna mini da hannu in mun haɗu a kicin, sama ko ƙasa. A tsakiyar Safar hannun ya fara nuna ƙasa. Na ce ba komai, Safar ne, ko a nan ba a ciniki a Safar. Amma abinci ya daina shiga. Na fara ba mutane canji ba daidai ba, ni da ake kawo wa lissafi daga tabarma uku.

Wata Talata a ƙarshen Safar na dawo daga kasuwa kafin azahar na tarar da motarsa a ƙofar gida, lokacin da ya kamata yana wurin aiki. Yana zaune a ciki bai fito ba, ƙyallen kansa a kan cinya, rediyo yana magana. Na buɗe ƙofa na shiga na zauna. Ya kashe rediyon. Ya ce jiya kasuwar Amurka ta faɗi faɗuwar da tsofaffinsu ma ba su taɓa gani a yini ɗaya ba, kuma ta ja kasuwannin duniya duka. Ya ce tun safe yake buga Jidda. Mutumin bankin ya ce masa ko su ba sa samun kowa, dillalan can da ake saye da sayarwa ta hannunsu sun daina ɗaukar waya. Na tambaye shi nawa ya tafi. Ya ce ba wanda ya sani tukuna, farashin da ake gani ba na gaskiya ba ne. Ban taɓa jin kasuwar da mai kaya zai tsaya da kayansa ya rasa wanda zai gaya masa ko nawa ne ba.

Kwana takwas muka yi a haka. Kullum bayan la'asar, lokacin da gari ke wayewa a can, yana tafiya ofishin waya, don kada a ji shi a gida. Ni kuma ina zuwa Harami in zauna a ɓangaren mata in kasa haɗa addu'a guda. Wata rana ya ce ta ɗan ɗaga, kashegari ya ce ta koma ƙasa fiye da da. A gida Goggo Zulai tana ta shirinta. Ta sa an sayo mata sabuwar darduma ta sabon ɗaki, tana tambayata ko dabinon tsakiyar nan mace ce ko namiji. Ina amsa mata kamar ba abin da ya faru. A rana ta takwas ya ce mini cikin kowane riyal uku da muke da shi a Zulhajji ɗaya ya tafi, wasu kamfanonin namu ma sun fi haka. Abin da ya rage ba zai sayi filin ba.

Na ce a sayar. Yau.

A nan ma sana'ata ce ta yi magana. In ka buɗe gwangwani ka ga ƙwari sun shiga, ba a jira. A ranar ake fitar da kayan duka a sayar ko nawa ne, don gobe sai dai a zuba wa awaki. Na gaya masa haka a kan matakala, muna magana ƙasa-ƙasa. Ya ce ba ƙwari ba ne, tsoro ne ya kama mutane. Kamfanonin suna nan, ma'aikatansu sun je aiki yau da safe. Ya tuna mini ramuka biyun da ya zana mini, ya ce duka biyun layin ya fito daga ciki. Filin Bani Harisa ya riga ya kuɓuce, ko mun sayar ko ba mu sayar ba. Mu ƙara shekara ɗaya ko biyu a haya, mu gaya wa Goggo gaskiya tare, ni da shi.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi tsorata ni, fiye da kuɗin.

"Wancan karon na bi maganarki, Inna. Wannan karon ki bi tawa. Sau ɗaya."

"Ka je ka sayar. In rana ta faɗi ba ka sayar ba, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Ban taɓa gaya wa ɗa wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya sauka matakalar a hankali yana riƙe da bango. Kafin magariba ya dawo ya ce an sayar.

Dole aka gaya wa Goggo Zulai. Ranar Juma'a bayan an ci abinci, 'yan'uwansa mata da mazajensu duk suna nan, ya durƙusa a gabanta ya ce kuɗin sun ragu, filin ba zai samu ba. Sai ta tambaye shi ba tun Zulhajji ya ce ya sayar ba? Ya ce bai sayar ba. Ta ce don me. Ina zaune a gefenta, gwiwata tana taɓa tata. Kalma huɗu ce kawai, in ce ni na hana shi. Na tuna matan bakin hanya. Na tuna an ce uwarka ce 'yar kasuwa.

"Kwaɗayi ne, Goggo," in ji shi. "Na ga yana hawa na ce bari ya ƙara. Ki yafe mini."

"Da gidan ubana ka yi caca, Ilyasu? Ka dubi idona ka ce ana kan yi? Mutumin nan da ƙafa ya zo, da ɗaukar ruwa a kafaɗa ya gina shi. Karatun da aka tura ka ke nan?"

Ta juyo gare ni ta ce in yi magana mana. Sai ɗaya daga cikin surukaina ya ce a ƙyale Hajiya, ɗan fari ne, ba za ta iya sa baki ba. Kowa ya gyaɗa kai. Har aka yaba mini, wai na riƙe al'ada, ban kare ɗana ba ko da kalma. Kunyar ɗan fari da uwata ta koya mini don ladabi, ranar na mai da ita mayafi na lulluɓe. Shi kuwa bai ɗago ya dube ni ba ko sau ɗaya, don kada wani ya karanta wani abu a idonsa.

Da abin da ya rage muka sayi wannan gidan da kuke ciki, a ƙarshen hanya bayan Uhudu, tsohon gini, ba sama, ba itace. A lokacin ko kwalta ba ta iso ba. Goggo Zulai ta samu ɗaki a ƙasa, ta taka ƙasa kamar yadda ta so, amma ba ta ƙara kiran sunansa ba. In ya shigo gaishe ta sai ta juya wa bango fuska. Ƙannensa mata suka riƙa lissafa masa abin da ya kamata su samu. Kafin azumi ya nemi canjin aiki zuwa Yanbu, ya kwashe matarsa da 'ya'yansa. Ɗakin da muka ware masa ya zama na ajiyar gwangwanayena. Ranar da zai tafi ya durƙusa ya ce in sa masa albarka. Na sa. Na jira ya ce wani abu a kan hanyar Awali, ko da wasa, ko da zargi. Bai ce ba. Har yau bai ce ba.

Ba a yi shekara biyu ba mijin 'yata Safiya, wanda ke karanta jarida, ya zo yana cewa kasuwar nan ta Amurka ta koma inda take har ta wuce. Ya ce da Muhandis ya yi haƙuri da bai yi asara ba, amma ga shi ya riƙe lokacin da ya kamata ya sayar, ya sayar lokacin da ya kamata ya riƙe, kuskure biyu a wata uku. Aka yi dariya. Na tashi na shiga kicin. Goggo Zulai ta yi shekara shida a gidan nan. A ciwonta na ƙarshe ni nake juya ta, ni nake ba ta ruwa a cokali. Sau da yawa na shirya maganar a bakina. Sai ta kama hannuna ta ce ba ta da kowa sai ni, ni kaɗai ce ban taɓa cutarta ba. Sai in haɗiye. Ya zo daga Yanbu kwana biyu kafin ta cika, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Ta ce a gaya masa ta yafe don Allah, amma kada ya shigo.

Watan jiya a walimar auren jikata na ji samarin gidan nan suna kiran Muhandis Abu Ashum da Larabcinku, wato uban hannun jari, yana zaune da furfurarsa yana murmushi. Ɗaya ya kawo mini waya ya nuna mini layin nan, tun daga farkonsa har yau. Ya yi tsawo har ban gane shi ba. Akwai wani babban tudu da ya rushe a tsakiya, ya ce wannan daga baya ne, sannan ya sake hawa ya wuce komai. Na ce ya nuna mini shekararmu. Ya ja hoton da yatsu biyu, ya ja, ya ƙara ja, kafin wani ɗan tsagi ya fito, bai kai tsagin ƙwallon dabino ba. Ya ce a nan ne kawu ya zubar da gidan kaka, da ya bari da yanzu muna da otal a gaban Harami. Ban sani ba ko da mun samu otal. Wataƙila da mun rushe a tudun tsakiyar nan kamar yadda wasu suka rushe. Abin da na sani shi ne ba kawunku ba ne. Sau biyu ya faɗi daidai, sau biyu na take shi, sau ɗaya da girman kai, sau ɗaya da tsoro. Daga yau duk wanda ya sake kiransa da sunan nan a gidana ba da yawuna ba.

Cikin waɗanda suka zauna a falon nan ranar Juma'a, Safiya tana nan, 'yar'uwarta Hadiza tana Makka, ƙaramarsu ta riga mu gidan gaskiya. Mijin Safiya ya rasu. Tsohon Bani Harisa ya rasu da daɗewa, a filin yanzu akwai bene mai hawa biyar. Isufu ya koma Damagaram da takardunsa suka ƙare, ban sake jin labarinsa ba. Matan tabarma saura ni da wata guda, ita ma ba ta gane mutane. Muhandis yana Yanbu, ya bar aiki, gwiwa tana damunsa. Shi zai ji wannan, don zan sa a karanta a gabansa da gaban kowa. Wadda ya kamata ta fara ji tana maƙabartar Baƙi'a, mata kuwa ba a barinmu mu shiga. Ranar Litinin na sa aka tura ni a keke har jikin katangar, na kama ƙarfen shingen na faɗa mata duka da Hausa, tun daga hanyar Awali. Kaburburan ba suna, duk duwatsu ne iri ɗaya. Ban san wanne zan kalla ba.